Amanar Baƙo da Mai Rauni a Wuyan Ma'aikacin Hukuma

Jawabin da aka gabatar a taron tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, a Sae Sabuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya haramta wa kansa zalunci, kuma ya haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda shi kansa ya ɗanɗani ɗacin barin gida, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa.



Shugabannin ƙungiya sun ce in yi muku magana kan adalci. Na ce musu adalci kogi ne mai faɗi, ku bar ni in tsaya a mashigi guda. Mashigin kuwa shi ne yadda ma'aikacin hukuma yake yi da baƙo da mai rauni a sa'in da ba mai ganinsu sai Allah. Da ku matasa nake, saboda dalili biyu. Na farko, ku ne masu ƙafa da baki da karatu, ku za ku isar da wannan magana inda ta kamata. Na biyu, kujerun da muke magana a kansu, ku za ku hau su gobe in Allah ya yarda.

Bari in fara da laifina. Wata ranar kasuwa ina cikin motar haya, muka iso wani shinge. Aka ce kowa ya fiddo takardunsa. A bayana akwai wata baiwar Allah da ɗiya uku, ɗaya a goye. Ta miƙa takardar da aka ba ta ta ƴan gudun hijira, a naɗe cikin leda, ta yi laushi don yawan ninkewa. Mai duba takardun ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ce wannan ba ta aiki a nan, ta sauko. Ta sauko. Muna kallo ta tagar mota ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga dala ɗari, ya girgiza kai, ta ƙara wata dala ɗari. Ba rasit, ba komai. Da ta dawo ta zauna, babbar ɗiyarta ta ce, "Inna, da me za mu sayi hatsin?" Ba ta amsa ba. Mu kusan ashirin a motar, ba wanda ya ce uffan. Har da ni, da hulata a kai, da carbina a hannu. Kowa tsoronsa kada a tsai da mota mu makara kasuwa. Wallahi har yau in na tuna tambayar yarinyar nan sai in ji kunyar kaina.

To wace ce wannan mata? Kun san ta, ko ba ku san sunanta ba. Tun daga watan Afrilu na 2019, sa'in da ƴan bindiga suka matsa wa ƙauyukan jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina da kisa da satar mutane da korar shanu, jama'a suka rinƙa ƙetarowa cikin ƙasar Gidan Rumji. Cikin makonni kaɗan hukumar HCR ta ce sun kai kimanin 20,000. Kafin ƙarshen wannan shekara sun haura 40,000, a 2020 kuma suka wuce 60,000, mafi yawansu mata da yara. Ƙauyuka irin su Ɗan Kano da Basira suka wayi gari baƙi sun cika ko'ina. Talakawan da rumbunansu ba su cika ba, su suka fara buɗe ɗakuna, suka raba fura da tuwo, tun kafin motar agaji ko ɗaya ta iso. Daga baya gwamnati da HCR suka maido da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka zaunar da su kusa da ƴan gari maimakon a killace su a sansani, ana shan ruwa ɗaya, ana zuwa likita ɗaya, yara na zuwa lakwal ɗaya. Wannan abin a yaba ne, kuma mun yaba. Bayan su ma akwai namu ƴan ƙasa da suka bar ƙauyukan bakin iyaka saboda wannan fitina.

Amma ku lura da wani abu. Mace irin wannan ba ta taɓa ganin shugaban ƙasa ba, ba ta san gwamna ba. A wurinta, gwamnatin Nijar ita ce mutumin da ke tsaye a shinge, da mai rubuta sunaye ranar rabon abinci, da mai karɓar kati a ƙofar likita, da malamin da zai ce ɗanta ya shiga aji ko ya koma gida. In waɗannan sun yi mata adalci, ƙasa ta yi mata adalci. In sun wulaƙanta ta, duk dokar da aka sa wa hannu a Yamai ta tashi a banza a wurinta.

Kafin wani ya ce ai baƙi ne, mu tambayi kanmu: mu ɗin su wa ye? Maraɗi da muke taƙama da ita, waɗanda suka baro Katsina bayan faɗuwarta a 1807 suka kafa mulkinta. Sun yi shekaru suna gararamba, har Damagaram sun kai, kafin Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Tsibiri kuwa Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Gobirawan da suka rasa matsuguni. Sabon Birni, inda da yawa cikin ƴan gudun hijiran nan suka fito, Ɗan Halima ya kafa shi, ɗan gidan sarautar Gobir ne da ya tashi daga nan Tsibiri. A ɗaya ɓangaren ma, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau, da hijira ya fara, daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Duk inda ka juya cikin tarihin ƙasar nan, sai ka tarar da kakanka da kaya a kai yana biɗar wurin zama. Layin da ya raba mu da su kuwa, Faransa da Ingila suka shata shi tsakanin 1906 da 1908, ba tare da sun shawarci kowa a cikinmu ba. Zanen fuska ɗaya, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya.

A bar tarihi, a zo ga yau. Wane gida ne a nan Sae Sabuwa ba shi da wanda ya tafi biɗa? In an gama girbi, ku ne kuke cika motoci zuwa Kano da Legas da Abuja da Agadas da Libiya da Aljeriya. Kun san yadda ƙirji ke bugawa in aka ce "takardunku". Iyayenmu sun ga korar da gwamnatin Busia ta yi wa baƙi a Gana a watan Nuwamba na 1969, aka ba su mako biyu su tattara. Sun ga ta Najeriya a watan Janairu na 1983, wadda ta tashi fiye da mutum miliyan guda, har da ƴan Nijar masu yawa. Mu kuma a zamaninmu muna jin yadda ake sauke mutane daga Aljeriya a tsakiyar hamada, su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa kafin su iso Asamaka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, galibinsu daga yankin Kance. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ƙasa ta yi makoki. To ɗan'uwa, yadda kake so a yi da ƙanenka a shingen wata ƙasa, haka ya kamata a yi da ƙanen wani a shingenmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu koma ga addini, domin shi ya tara mu.

A shekara ta 5 bayan aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ya umurci sahabbai su tafi Habasha, saboda a can akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ku dubi abin da ya sa ya zaɓi ƙasar. Najjashi a lokacin Kirista ne. Adalcinsa aka bi. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyaututtuka na jemammiyar fatar Makka. Kun san dabarar da suka yi? Ba su fara da sarki ba. Sai da suka bi fadawa ɗaya bayan ɗaya, kowa suka danƙa masa rabonsa, suka roƙe su abu guda: in mun yi magana gaban sarki, ku ba shi shawara ya miƙa mana mutanen nan ba tare da ya saurare su ba. Fadawa kuwa suka yi yadda aka ce. Najjashi ya fusata, ya ce ba zai miƙa mutanen da suka zaɓi maƙwabtakarsa ba sai ya ji ta bakinsu. Aka kira su, Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani, ya karanta farkon Suratu Maryam. Sarki ya ba su aminci, ya sa aka mayar wa Ƙuraishawa kyaututtukansu. Da ya rasu a shekara ta 9 bayan hijira, Manzon Allah ya jera sahabbai sahu a Madina ya yi masa salla.

Darasi biyu nake so ku riƙe daga nan. Ɓarna ta ƙofar fadawa take shigowa, wato ta hannun ƙananan ma'aikata. Maganinta kuma shi ne a saurari mai rauni kafin a yanke masa hukunci.

Maganar kyauta kuwa, Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani da ake kira Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware kaya biyu, ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Manzon Allah ya hau mumbari ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da sai mu ga ko kyautar za ta iske shi. Ya kuma yi gargaɗi cewa duk wanda ya ɗauki wani abu ta wannan hanya zai zo da shi a wuyansa ranar ƙiyama. To in abin da aka bayar da daɗin rai ke nan, ina ga wanda aka kwance daga bakin zanen mai goyo? Mu daina canza masa suna. "Na goro", "na shayi", "na ruwa", duk sunansa guda a littafin mala'iku.

Alƙur'ani bai bar wa ma'aikaci mafaka ba. A Suratun Nisa'i aya ta 58 an umurce mu da mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci tsakanin mutane, kuma mutane aka ce, ba a ware ƴan gari ba. A Suratul Ma'ida aya ta 8 an hana mu bari ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. A Suratut Tauba aya ta 6, ko mushiriki ne ya nemi mafaka, an ce a ba shi, sannan a kai shi inda zai aminta. A aya ta 60 ta wannan sura, matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da ke da haƙƙi a zakka. Ku ji fa, haƙƙi aka ce. Alƙali Abu Yusufa ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya iske wani tsoho Bayahude makaho yana bara don ya biya jiziya. Ya kama hannunsa, ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sawwaƙa, sannan ya umurci mai kula da baitulmali ya ɗauke wa irinsa jiziya, a kuma yanka musu abin rayuwa, domin ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Da Manzon Allah zai aika Mu'azu ɗan Jabal Yaman a matsayin gwamna, cikin wasiyyar da ya yi masa har da tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin ba shamaki tsakaninta da Allah. Mai shinge ya sani, akwai abin da shingensa ba ya tarewa.

Wani zai ce wannan wa'azi ne, aikin gwamnati kuma da doka yake tafiya. Madalla, mu zo ga dokar. Nijar tana cikin yarjejeniyar Janeba ta 1951, wadda ta hana mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ke cikin haɗari. Tana cikin yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969, wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda tashin hankali ya kora daga garinsu. Tana da dokarta ta kanta, mai lamba 97-016 ta 20 ga Yuni 1997, kan matsayin ƴan gudun hijira. A watan Disamba na 2018 ta yi doka mai lamba 2018-74 don kare waɗanda suka rasa matsuguni a cikin gida, kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta mai da yarjejeniyar Kampala ta 2009 dokar ƙasa. Tun 2006 aka ce maganin yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitar gwamnati, haka ma tiyatar haihuwa. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwar ɗansu, kuma bayyanawar ba a biyan ko dala. Saboda haka in muka roƙi ma'aikaci ya yi adalci, ba mu ce ya karya doka don tausayi ba. Cewa muka yi ya bi dokar da ya yi alkawarin bi ranar da aka ɗauke shi aiki.

Kuma shiru ma laifi ne. Kun ji labarin Hadijatu Mani, daga yankin Ƙonni, wadda aka sayar tana shekara 12 a matsayin wahayya. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta kama ƙasar Nijar da laifi, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ƙasa ba ita ta saye ta ba. Laifin da aka kama ta da shi, maganar ta zo gaban hukumomi da alƙalai, suka ga bauta ƙiri-ƙiri, ba su ɗauki matakin da ya wajaba a kansu ba. Ma'aikacin da ya kau da kai, ya jawo wa ƙasa duka abin kunya.

Na san abin da ke ran wasunku, kuma ba zan kauce masa ba. Ana cewa cikin baƙin nan akwai masu kai wa ƴan bindiga labari. Ana iya samu, kamar yadda ana iya samu cikin ƴan gari. Jami'an tsaronmu suna kwana a daji domin mu yi barci, wasunsu sun bar marayu, kuma wajibi ne mu taimake su da gaskiya. Bincike haƙƙin hukuma ne. Abin da muke roƙo shi ne a kama mutum da hujjar abin da ya aikata. Kada harshensa ko rawaninsa ko sandarsa su zama hujja. Suratul Hujurati aya ta 6 ta ce a tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Mu mutanen ƙasar Gidan Rumji mun fi kowa sanin inda kuɗin goro yake kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 na Fulani, mafi yawansu mata da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ban tuno wannan don in fama wa kowa miki ba. Na tuno shi don da yawanku ba a haife ku ba a lokacin, kuma wanda bai san ramin ba shi ke faɗawa. Bayan haka aka yi dokar karkara ta 1993, aka kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har zuwa sama, domin a shata burtali da makiyaya, a kuma sasanta ɓarna ta hanyar ƙima da biya. In shanu sun yi ɓarna a biya manomi haƙƙinsa cif. In gona ta cinye burtali a fitar da ita, ko ta wa ce. Kuma ko ta fuskar tsaro aka duba, baƙon da aka mutunta shi ke zuwa da kansa ya faɗi abin da ya gani. Wanda aka tatsa a shinge, in ya hangi kaki sai ya canza hanya.

Ana kuma cewa mu ma talakawa ne, gona ta yi kaɗan, itace ya yi wuya, layin famfo ya yi tsawo, ga shi ana raba wa baƙi buhu mu muna kallo. Wannan kuka gaskiya ne, kuma adalci ya haɗa da mai masauki. Hukuma da masu agaji su sa talakan gari cikin lissafi, kada alherinsa ya zame masa hasara. Amma ku tuna mutanen Madina ba attajirai ba ne duka. Allah ya yabe su a Suratul Hashri aya ta 9 da fifita baƙi a kan kansu alhali suna cikin buƙata. Ku tuna kuma da Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi masa addu'a, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Mafi yawan baƙinmu haka suke. Manoma ne, maƙera, masu saƙa, masu tuya, masu kiwo. A ba su rumfa a kasuwa da haraji daidai da na kowa, a ara musu gona da sharaɗi a rubuce gaban mai gari da shaidu, za su ci da kansu, gari ma ya ƙaru.

Saboda haka ga roƙonmu ga iyayenmu da yayyenmu ma'aikata, kuma ku matasa ku haddace shi. Takardar da hukuma ta bayar, hukuma ta girmama ta. Duk kuɗin da doka ta ce a karɓa, a faɗi adadinsa a fili a ba da rasit. Wanda bai jin Faransanci a yi masa bayani da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa. Ranar rubuta sunayen masu karɓar agaji, kada sunan matar da mijinta ya mutu ya ɓace, na ɗan'uwan wani mai ƙarfi ya bayyana. Mace in ta zo neman haƙƙinta, kada a nemi mutuncinta a madadinsa, wannan ita ce mafi munin cin amana. Makaho da gurgu da kurma da tsoho kada a bar su ƙarshen layi a rana. Almajirin da aka kawo likita ba uba ba uwa, a duba shi kamar ɗan gida. Marainiyar da ƴan'uwan ubanta ke son cinye gonar gadonta, ta sami wanda zai saurare ta. Wanda aka koro daga Aljeriya ko Libiya hannu wofi, a tarbe shi a matsayin ɗa, kada a yi masa kallon mai laifi. Mun san albashi ba ya isa, mun san aiki ya yi yawa, ma'aikata sun yi kaɗan. Amma gibin albashi ba daga bakin zanen gajiyayye ake cike shi ba. Kuma ina shaida, akwai ma'aikata na ƙwarai a ƙasar nan. Na ga ungozomar da ta kwana tsaye kan baƙuwar da ba ta san sunanta ba, na ga malamin lakwal da ya sayi allo da alli da kuɗinsa ya ba ɗiyan ƴan gudun hijira. Allah ya san su, Allah ya biya su.

Ku kuma ƴan ƙungiya, ga naku aikin, kada mu tashi da tafi kawai. Allah ya ba da yawanku karatun boko da na addini. Ku ware wasu a cikinku, maza da mata, waɗanda za su rinƙa raka marar gata zuwa ma'aikatar magajin gari ko likita ko gaban mai gari, su karanta masa takarda, su tsaya kusa da shi. Sau da yawa tsayuwar mutum guda mai karatu ta isa ta sa a yi abin da ya dace. Ku bi gida-gida ku tambayi jariran da ba a bayyana haihuwarsu ba kafin kwana 60 su cika, na gari da na baƙi, domin yaron da ba shi da takardar haihuwa zai sha wuya ranar jarrabawa, ya sha wuya ranar neman katin ɗan ƙasa. In kun ga ba daidai ba, ku rubuta rana da wuri da abin da ya faru, ku haɗa da dattijo ko malami, ku tafi wurin shugaban ma'aikatar cikin ladabi. Haka Allah ya umurci Annabi Musa da Haruna su yi magana mai laushi, alhali wurin Fir'auna aka aike su, balle ma'aikacin da yake ɗan'uwanku Musulmi. Kada ku ɗauki hoton mutum ku watsa a WhatsApp da Facebook kan abin da ba ku tantance ba, kada garin gyaran zalunci ku yi wani. In ma'aikaci ya yi abin kirki, ku je ku gode masa, ku faɗa a gaban shugabansa. A fadarku ta shayi kuma, in wani ya fara cewa "ai duk mutanen nan haka suke", a sami mai cewa a'a, faɗi sunan wanda ya yi, ka bar sauran.

Sannan ku shirya wa ranarku. A cikin ɗakin nan akwai jandarman gobe, da ɗan duwan, da malamar likita, da magatakarda, da alƙali. Ranar da za a ba ka hatimi, za a gaya maka cewa haka ake yi, kowa na yi, kada ka zama bare. Ranar ce za a gane ko shekarun da ka yi a wannan ƙungiya sun shiga zuciya ko a riga suka tsaya. Wata mata za ta tsaya gabanka da takarda mai laushi cikin leda. Ba ta da wanda zai buga maka waya saboda ita. In ka cuce ta ba abin da zai same ka a ranar. Ka tuna ni na yi shiru a mota, kuma ga shi shekaru sun wuce ban huta ba. Kai ka yi abin da ya fi nawa: ka dubi takardar da gaskiya, ka mayar mata, ka ce, "Inna, sauka lafiya."

Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Allah ya mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa cikin aminci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ƙauyukansu da kan hanya da cikin hamada, da jami'an da suka faɗi wajen kare mu. Allah ya ba shugabanninmu da ma'aikatanmu tsoronsa a ɓoye da bayyane, ya sa albarka a halaliyarsu. Allah ya raya wannan ƙungiya, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta da suka riga mu, ya ba mu damina mai albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini.